Daga Jawa zuwa Ƙonni: Tasirin Asiya a Bugun Holan, a Takarda da a Atamfa

1. Shimfiɗa

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Birnin Ƙonni ran Laraba ya san layin ƴan atamfa, inda ake jibge turame bisa turame, kowane da takardar lambarsa a manne. Can sama inda ƙura ba ta cika kaiwa ba, ko cikin akwatin gilas mai kwaɗo, nan ake aje wadda ake kira Holan. Mata sun san ta, teloli sun san ta, ma'aikatan duwan na bakin iyaka sun fi kowa saninta. Abin da ba a cika faɗi ba shi ne cewa atamfar nan jika ce ga wata sana'ar rini ta tsibirin Jawa, a ƙasar Indunusiya, wato ƙasar mutanen nan da alhazanmu ke gamuwa da su a Makka suna ce musu ƴan Jawa.

A darussan tarihin zane da muke koyarwa, waɗanda yawancinsu daga littattafan Faransanci muke ɗebo su, akwai babin da ke magana kan tasirin Asiya ga masu bugun zane na Holan, musamman masu zana birane da karkara. Ɗalibi ya haddace sunan Rembrandt da na Hiroshige, ya ci jarrabawa, bai taɓa ganin aikinsu ba sai a hoton da injin kwafi ya baƙanta. Alhali kuwa reshen wannan tarihi da ya fi kowane yaɗo yana ɗaure a ƙugun mahaifiyarsa.

Ra'ayin da wannan takarda ke son karewa shi ne, aron da Holan ta yi daga Asiya hawa-hawa ne. Akwai aron kayan aiki, akwai aron abin da ake zanawa, akwai kuma aron ido, wato yadda ake tsara ƙasa da sama a kan fili. Na ƙarshen nan ne ke canza sana'a, kuma a kan ƙyalle ya kai iyakarsa. In haka ne, to malamin da ke Ƙonni ko Malbaza ko Illela yana da abin nazari a hannu wanda ya fi na malamin Paris yawa.

Kafin mu ci gaba, ga ƴar matsalar rubutu. Da yake ba ma sa alamar karin sauti da tsawon wasali, kalmar zane kan ɗauki ma'ana biyu. Don kauce wa ruɗani, za mu rubuta zani ga abin ɗaurawa, mu bar zane ga aikin alƙalami. Bugun zane kuwa (estampe) shi ne a sassaƙa hoto a kan farantin jan ƙarfe ko katako, a shafa tawada, a danna takarda, a sami kwafi barkatai daga faranti guda. Layin nan da ido ke ganin sama ta sauko ta taɓa ƙasa (ligne d'horizon) za mu kira shi iyakar gani.

2. Abin da aka yi a takarda

Zanen karkara irin na Holan a kewayen birnin Haarlem ya kafu, kuma mai karatu ya riƙe sunan garin, don za mu komo gare shi. Wajen 1612 Claes Jansz Visscher ya buga jerin ƙananan hotuna na bayan garin: hanyar yashi, masaukin matafiya, filayen da ake shanya ƙyalle don ya yi fari. Esaias van de Velde ya biyo bayansa da ƴan shekaru. Ƙa'idar da suka bi ba ta da wuyar ganewa. Mai zane ya tsaya wuri guda, ƙafarsa a ƙasa. Iyakar gani tana ƙasa-ƙasa, sama ta cinye mafi yawan takardar, gari kuma ya zama siririn layi mai hasumiyar coci da injin iska. Abin da ke kusa babba ne, na nesa ƙarami. Takardar ta zama kamar taga, mai kallo yana tsaye a bakinta. Wanda ya taɓa tahowa daga Dogon Dutsi ya hango Ƙonni a shimfiɗe ƙarƙashin sama mai faɗi ba zai ga baƙon abu a waɗannan hotuna ba, sai dai yawan ruwa.

A daidai wannan zamani ne kamfanin fataucinsu na gabas, VOC, wanda aka kafa a 1602, ya yi zango a Batabiya (Jakarta ta yau) a 1619. Daga 1641 kuma mutanen Holan ne kaɗai Turawan da Japan ta yarda su yi ciniki da ita, a wani ɗan tsibiri mai suna Dejima a bakin Nagasaki. Jiragen kamfanin suka riƙa komowa Amsterdam da kayan yaji da tangaran da yadin Indiya da takarda.

Hawa na farko ke nan, aron kayan aiki. Daga wajen 1647 Rembrandt ya fara buga wasu faranta nasa a kan takardar Japan, mai santsi, mai launi kamar na man shanu, wadda baƙin tawada ke fitowa a kanta da taushi. Ya kuma kwaikwayi ƙananan hotunan sarakunan Mugal na Indiya da alƙalami, sama da 20 daga cikinsu suna nan har yau. Littattafai kan yi ta ɗoki da wannan, amma a duba zanen karkararsa da kyau. Shahararren farantinsa na itatuwa uku, na 1643, ya riga takardar Japan zuwa hannunsa, kuma waɗanda ya yi bayan zuwanta ba su ɗaga iyakar gani daga inda Visscher ya aje ta ba. Ya sayi takardar Japan ne kamar yadda marinin Kano ya koma sayen shunin kanti: abin da ke cikin karofi ya canza, hannu da ido suna nan yadda suke.

Hawa na biyu ya fi ban sha'awa, ya kuma fi ban takaici. Tsakanin 1655 da 1657 kamfanin ya aika da jakadu daga Kanton zuwa fadar sarkin Sin a Bejin, tare da wani Johan Nieuhof da aka ɗora wa zana abin da ya gani a hanya. A 1665 Jacob van Meurs ya buga littafinsa a Amsterdam da hotuna wajen 150, aka fassara shi da Faransanci a shekarar, ya zama shi ne Sin a idon Turai har kusan ƙarni guda. Daga cikinsa aka riƙa kwafar hasumiyar tangaran ta Nanjin ana sa ta a faranti da labule. To amma duk wanda ya jera hotunan biranen zai ga Haarlem ce aka sa wa rufin Sin: kogi a gaba, jirage a kai, ganuwa a miƙe bisa iyakar gani, sama ta cika sauran. Da aka gano rubutun hannun Nieuhof a Paris a cikin shekarun 1980, sai aka ga masu sassaƙar Amsterdam sun ƙara wa zanensa mutane da itatuwa da ado da ba ya cikin asali. Mutanen Sin kuwa ba haka suke zana ƙasarsu ba. Naɗaɗɗen zane suke yi, mai tsawon kamu da yawa, ana warware shi daga dama zuwa hagu kamar yadda muke karanta ajami, mai kallo yana tafiya cikin ƙasar daga dutse zuwa kwari, babu wuri guda da aka ce ya tsaya. Nieuhof ya ratsa ƙasar, ya komo da biranenta, ya bar idonta a can.

(A nan ya kamata mu tuna cewa Van Meurs ɗin nan shi ya buga littafin Olfert Dapper a kan Afirka a 1668, da hoton birnin Benin a ciki, alhali Dapper bai taɓa taka Afirka ba. Haka nan hoton Kano daga dutsen Dala da ke littafin Barth na 1857 wani mai zane ne a Jamus ya gyara shi daga zanen Barth. Mu ma an zana mana garuruwa ta wannan taga.)

Kafin a kai hawa na uku sai da abin ya yi zagaye. Hotunan Holan da suka shiga Japan ta Dejima sun koya wa masu zanen can dabarar nesa da kusa irin ta Turai. A 1783 Shiba Kokan ya yi bugun jan ƙarfe a Japan, bayan ya koyi hanyar daga littafin Holan. Saboda haka Hiroshige, da ya buga jerin wurare 100 na birnin Edo daga 1856, ya san iyakar gani sarai, wasa yake yi da ita. Wani lokaci ya ɗaga ta can sama kamar shaho ne ke kallo, wani lokaci ya gitta kututturen itace a gaban komai ya sa mai kallo leƙe, ruwan sama kuma ya mai da shi layuka tsirara. Biyu daga cikin waɗannan ne Van Gogh ya kwafa a Paris a 1887, lambun furanni da gada cikin ruwan sama, ko da yake da fentin mai ya yi su.

Masu bugu na Holan da suka biyo baya suna da wata ƙofa ban da Japan, wato ƙasar da suke mulka. Jan Toorop a Purworejo ta Jawa aka haife shi a 1858, kuma dogayen hannuwa da gashi mai malala na mutanen zanensa, har a tallan man girki na Delft da ya buga a 1894, suna ɗauke da kamannin ƴan tsanan wasan inuwa na Jawa. W.O.J. Nieuwenkamp, wanda ya fara da zana tsofaffin garuruwan Holan na bakin ruwa, ya je Jawa a 1898, ya je Bali a 1904. A aikinsa gajimare ya daina zama hayaƙi mai laushi, ya zama murɗaɗɗun layuka, ganyen itace kuma kusan ana iya ƙirga shi. Wani abu daga salon zamaninsa ne, wani daga gabas. A nan kam an taɓa ido. Sai dai har yanzu hoton yana da sama da ƙasa, yana da gefe huɗu, bango ake rataya shi.

3. Farantin da aka naɗe

Sana'ar Jawa da ake kira batik ga yadda take. Mace ta ɗauki wani ɗan cokalin jan ƙarfe mai siririn baki, ta ɗebi narkakken kaki, ta zana a kan farin ƙyalle gaba da baya. A tsoma a baba, inda kaki ya rufe ya hana rini shiga. A kankare, a sake rufe wani wurin, a tsoma a ruwan ɓawon itace mai ba da launin ƙasa-ƙasa. Zani guda mai kyau kan ci watanni. Marinanmu sun san ƙa'idar, don ita ce ta ɗaurin zare da ɗinki kafin a tsoma, abin hana rinin ne ya bambanta.

Abin da ya shafe mu shi ne wani rukunin zane na fadojin Yogyakarta da Surakarta da ake kira semen, daga kalmar da ke nufin tsiro. Zanen ƙasa ne cikakke. Akwai dutse, akwai itace, akwai rumfa, akwai tsuntsu da dabba da harshen wuta, akwai fiffiken garuda, tsuntsun tatsuniyoyinsu. Amma babu iyakar gani. Dutsen bai fi fiffiken girma ba, rumfar ba ta bayan itacen, kowane yana zaune a filinsa, yaɗo ya sarƙe tsakaninsu. A Cirebon, bakin teku, an ɗauko gajimare da duwatsun lambu daga zanen Sin aka yi musu haka nan. Ƙasa ce da ba a tsaya daga nesa an hange ta ba, an shimfiɗa ta ne yadda mutum zai shiga ciki. Daɗin daɗawa, mai zanen ta san jikin da zai ɗaura. Zanin da ake ɗinke bakinsa yana da kai, wato wani fage mai jerin tsini kamar haƙoran zarto, wanda aka auna inda zai faɗo in an ɗaura.

Masu masaƙu na Holan sun so su ƙwace wannan kasuwa da inji. A cikin shekarun 1850, a Haarlem ɗin nan ta Visscher, wani mutumin Beljiyam mai suna Prévinaire ya ƙera injin da ke buga ƙaro a fuskokin ƙyalle biyu, a maimakon kaki, ya sa masa suna La Javanaise. Mutanen Jawa ba su yi na'am da abin yadda aka so ba. Ƙaron kan tsattsage, baba ya kutsa ta tsagar ya bar jijiyoyi, su kuwa aibi suke ganin wannan, ga shi kuma masu sana'arsu sun fito da hatimin jan ƙarfe da ya rage musu tsadar aiki. Sai a cikin shekarun 1890 wani ɗan kasuwa na Glasgow, Ebenezer Brown Fleming, ya kai kayan Haarlem gaɓar ƙasar da ake kira Gana yau, inda aibin ya zama abin nema. Akan ce sojojin Afirka ne suka kawo son batik, su wajen 3,000 da Holan ta ɗiba daga Elmina tsakanin 1831 da 1872 ta kai Jawa, da yawansu bayi ne ƴan arewa da aka saya ta hannun Kumasi. Labarin yana da daɗi, har ma unguwar waɗanda suka zauna can tana Purworejo, garin haihuwar Toorop, amma masu bin takardun ciniki sun fi ba fatake da kantuna nauyi a cikin lamarin. Da kamfanin Haarlem ya durƙushe wajen ƙarshen Yaƙin Duniya na Farko, gangunansa suka koma hannun wasu, daga bisani zane-zanen suka tattaru a Helmond, a masana'antar da iyalin Van Vlissingen suka riƙe tun 1846, wadda aka sani da Vlisco.

Gangunan nan su ne zuciyar maganarmu. Abin da ke buga ƙaro a ƙyalle ganga ce ta jan ƙarfe da aka sassaƙa, wato farantin Visscher ne aka naɗe, bakinsa na dama ya haɗu da na hagu. Da zarar an yi haka, taga ta rushe. Hoton ba ya da farko ba ya da ƙarshe, yana komowa duk bayan yadi guda, santimita 91, a kan ƙyalle mai faɗin wajen santimita 120. Mai sassaƙar Holan da kakanninsa suka ƙi ɗaukar idon Asiya a takarda, a nan dole ta sa shi, don tsarin Jawa ne ke jure maimaici.

4. Karatun turmi

Wata shekara na raka gwaggona sayen kayan lefe a Ƙonni, ina ɗauke da jaka. Na lura ba ta tambayi abin da aka zana ba ko sau ɗaya. Ta sa yaron shago ya warware turmi ya ɗora a kafaɗa, ta ja da baya taki uku, ta ce ya juya. Ta kifa ƙyallen ta duba bayansa, ta bi jijiyoyin baba da yatsa daga wannan yadi zuwa na gaba. Mai shago ya ce, “Hajiya, wannan ba ta zuba.” Ta ce, “Alhaji, na san ba ta zuba, so nake in ga ko tana tafiya.” Da muka fito na tambaye ta ma'anar maganar, sai ta ce, “Ɗana, atamfa ba a shimfiɗe ake ganinta ba, sai a jikin mai tafiya.”

Duk abin da ta yi tarke ne, kuma yana da hujja a cikin sana'ar. Atamfar ƙaro ta gaskiya gabanta da bayanta ɗaya ne, tunda tsoma ta aka yi. Jijiyoyin ba sa maimaita kansu daidai, don tsagar ƙaro ba ta bin umarnin ganga, alhali a jabu buga su aka yi, suna komowa kamar hatimi. Launukan da ake ƙarawa bayan baba kuma, waɗanda a Helmond da hatimin hannu ake sa su har farkon shekarun 1990, sukan ɗan goce daga layinsu su bar farin haske a gefe. Wannan gocewa da jijiyoyin su ne ke ba ƙyallen zurfi. Abin da mai bugun takarda ke samu ta hanyar ƙanƙanta abin nesa, mai atamfa yana samunsa ta hanyar ɗora launi bisa launi, ido ya ga wani yana gaba wani yana baya, ba tare da an nuna masa inda sama take ba.

A dubi tsofaffin zane-zanen da suka daɗe ana sake bugawa. Akwai mai da'ira cikin da'ira na ɗige-ɗige, wanda Ganawa ke kira rijiya, don ya yi kama da ruwa in an jefa tsakuwa. Daga bisa ake kallonsa, ba ya da ƙasa ba ya da sama, duk ta inda tela ya sa almakashi daidai ne. Akwai tsuntsun nan mai gudu cikin ƙwai, wanda a Gana ake fassarawa da cewa kuɗi na da fiffike, a Togo kuma ake kira Air Afrique. Akwai kuma wanda ya fi su tona asiri: fiffiken garuda na fadar Jawa, wanda a gaɓar teku wasu suka ce nonon ayaba ne, wasu suka ce katantanwa ce. Ma'anar ta faɗi a teku, tsarin ya iso lafiya.

Ba a rasa abin zargi ba. Ganga ba ta san kai ba, ba ta san gindi ba, don haka hikimar nan ta Jawa ta auna zane da jiki ta raunana, nauyin ya koma wuyan tela. Sa'an nan a cikin sababbin zane-zane an yawaita ɗora babban abu guda a tsakiyar yadi, fanka ko jaka ko takalmi, a bar shi yana shawagi. A ganina koma-baya ne, hoton bango ne ya sato hanya ya komo, kuma irin waɗannan su ne ke saurin tsufa a cikin akwati.

Hausawa na cewa zanin aro ba ya rufe katara, kuma akwai ɗalibanmu da ke jawo karin maganar don su ce atamfa ba tamu ba ce. Wasu kuma sun rantse kayan gargajiya ce tun kaka da kakanni. Yinka Shonibare, mai fasahar nan ɗan asalin Nijeriya da ke Ingila, ya gina sunansa a kan wannan ruɗani. Ni dai gardamar asali ba ta dame ni ba kamar wata tambayar: me ya sa idon matanmu ya karɓe ta nan da nan? Amsar tana cikin zayyanar allo, da aska takwas ta gaban riga, da sassaƙar ƙwarya, da adon bangon soro. Babu ɗaya daga cikinsu da ke da iyakar gani. Fili ne ake rabawa a cika, a bar ido ya zaga. Idon da aka rena da waɗannan ya fi kusa da na Surakarta bisa ga na Haarlem, ko da yake ta Haarlem kayan suka biyo.

5. Garinmu a kan ƙyalle

Ƙonni ba ta buga atamfa, wucewa take yi ta cikinta. Tun da Nijeriya ta hana shigo da yadi a tsakiyar shekarun 1970 don kare masaƙunta, kayan Lome da Kwatano suka riƙa hawowa ta Gaya su sauka Ƙonni da Maraɗi, su tsallaka zuwa Sakkwato da Kantin Kwari ta Kano, kayan Kaduna kuma suna yin akasin haka. Illelar Nijeriya, wadda bai kamata a rikita ta da Illelar Adar ba, tafiyar ƴan mintoci ce daga tashar Ƙonni. Faɗuwar darajar sefa a Janairun 1994 ta ninka kuɗin abin da ake sayowa daga Turai, Holan ta ƙara hawa sama a kan kanta. A nan ma Asiya ba ta taɓa yin nisa ba. Babbar masaƙar Kaduna, UNTL, Cha Chi Ming na Hong Kong ne ya kafa ta a 1964, kuma rufe ta a 2007 ya zo ne lokacin da atamfar Sin, irin su Hitarget, ta cika kasuwa. Yau yawancin abin da ke layin ƴan atamfa kwafin Sin ne na kwafin Holan na aikin Jawa.

Inda mu da kanmu muke ba da odar zane shi ne atamfar taro: ta ƴan siyasa, ta ƙungiyoyi, ta ranar matan Nijar ta 13 ga Mayu, irin waɗanda masaƙar Yamai, SONITEXTIL, daga baya ENITEX, ta sha bugawa. A nan ne, abin mamaki, muke komawa ga taga. A yanko hoton mutum ko gini ko taswira, a sa shi cikin da'ira, a rubuta take a ƙasa, a jera. A shimfiɗe bisa tebur ba laifi. Amma turmi kashi uku ake yi masa, zani da riga da kallabi, wani lokaci da majanyin goyo. Fuskar da aka girmama ta faɗo inda ake zama a kai, ginin ya kife a hannun riga, rubutun ya shige cikin ɗauri. Mun ɗauki ƙa'idar Nieuhof mun ɗora a kan abin da aka yi don ƙa'idar Jawa.

Ga shi kuwa abin zanawa bai ƙare mana ba. Ga manyan rumbunan laka na Adar a kan hanyar Tsarnawa zuwa Badagishiri, ga giginya, ga fangalin albasa na Galmi da kwarin Majiya, ga magudanan ruwa na gandun noman rani na Ƙonni, ga hasumiyar masana'antar siminti ta Malbaza da ake hange tun daga nesa. Ni dai ban taɓa cin karo da turmin da ya ɗauki waɗannan ya yi musu abin da semen ya yi wa duwatsun Jawa ba.

Na gwada abin a aji. Na ba kowane ɗalibi takarda mai tsawon santimita 91, na ce ya zana garinsu, da sharaɗin in an naɗe takardar bakin dama ya haɗu da na hagu ba tare da an ga mahaɗa ba. Kusan dukansu suka ja layi daga gefe zuwa gefe, suka jera gidaje a kai, rana a sama. Da muka naɗe, layin ya haɗu lafiya lau, ya zama ɗamara, amma da muka kifa takardar yadda mata kan kifa zani in bakinsa ya fara cinyewa, sai gari ya rataye da ka. Wata ɗaliba daga wajen Illela ita kaɗai ta zana daga bisa. Ta mai da rumbuna da'irori manya da ƙanana, dangogi suka zama layuka masu karyewa, hanyoyin rijiya suka sarƙe tsakaninsu, giginya ta zama tauraro mai tsini. Na kai takardar wurin wani tela a Ƙonni, ban gaya masa ko mene ne ba. Ya juya ta ta fuska huɗu, ya ninka ta kamar zai fitar da wuyan riga, ya ce da'irorin sun yi kusa da baki, a ja su ciki da faɗin yatsa biyu saboda kalmasa.